MALAMI DA NA'URAR ZAMANI: DARASI DAGA ƘASAR HAƊEJIYA

Gabatarwa

'Yan'uwa, iyaye da malamai, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani baƙo da ya riga ya shigo gidajenmu tun kafin mu yi masa shimfiɗa, wato wayar hannu da kwamfuta da intanet, da kuma matsayin da ya kamata a ba su a cikin aji. Za mu duba al'amarin da idon malamin makaranta, muna ɗauko misalanmu daga Malam Madori da garuruwan da ke fadamar kogin Haɗejiya a Jihar Jigawa, gama abin da ya dace da makarantar da ke da wutar lantarki dare da rana ba lalle ne ya dace da wadda rufinta ke yoyo da damina ba. Tambayoyi uku ne za su bi da mu: me yaranmu suke bukata su iya, me na'ura za ta iya yi musu, kuma wane shiri ne ya wajaba a kan malami.

1. Kowane zamani da kayan aikinsa

Garin Malam Madori kansa shaida ne a kan yadda sabuwar fasaha take juya zaman jama'a. Sa'ad da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru, wadda aka kammala a 1930, layin bai shiga birnin Haɗejiya ba. Ya bi ta arewa maso yamma da shi, aka kafa tasha a Malam Madori. Gyaɗa da sauran amfanin gona suka riƙa taruwa a nan domin a ɗora su a jirgi, 'yan kasuwa da ma'aikata daga sassa daban-daban na Nijeriya suka zo suka zauna, gari ya bunƙasa. Wanda ya iya karatu da lissafi a wancan lokaci ya sami aikin akawu ko malamin sikeli. Wanda kuwa bai iya ba, dole ya karɓi abin da aka ce nauyin buhunsa ke nan, ko da zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Haka makaranta ma ta sha sauya kayan aiki. Kakanninmu sun san allon itace da tawada da alƙalamin kara. Da aka buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909, sai baƙin allo da alli da littafin rubutu suka fara samun gindin zama. Ba a daɗe ba aka ga cewa kayan aiki ba su koyarwa da kansu, saboda haka aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 domin horar da malamai. Abin ya maimaita kansa a 1976, lokacin da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa ya cika azuzuwa maƙil da yara: a wannan shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna, domin malami ya ƙaro ilimi ba tare da ya bar ajinsa ba.

Gwamnatin tarayya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu tun 1988, shekara uku kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Wayar salula ta shigo ƙasar nan a watan Agusta na 2001, a farkon shekarun nan ne kuma gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta kafa cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure. To, ga shi yau manomin shinkafa a Auyo yana jin farashin kasuwar Dawanau ta waya kafin ya ɗaure buhu. Abin tambaya shi ne, ko ɗansa da ke aji shida ya sami rabonsa na wannan sauyi.

2. Abin da ke jiran 'ya'yanmu a bakin ƙofa

Kada wani ya ɗauki maganar nan kamar ta ƙawa ce. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta a 2013, daga 2015 kuwa ta daina ta takarda gaba ɗaya. A tsarin da aka bi tun 2017, ɗalibi yana amsa tambaya 180 cikin sa'a biyu: 60 na Turanci, 40 kuma a kowane ɗaya daga cikin sauran fannoni uku. In aka raba minti 120 ga tambaya 180, kowace tambaya ta sami daƙiƙa 40 ke nan. Yarinyar da ta shafe shekara goma sha biyu tana ƙoƙari a makaranta, amma ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, za ta ɓata minti goma ko fiye tana rawar hannu, tana neman inda za ta danna. Minti goman nan tambaya 15 ce. Da irin wannan tazara ake rasa gurbin karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa.

Bugu da ƙari, tun 2021 ba a rajistar wannan jarrabawa sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Hukumar WAEC ma ta fara yin jarrabawa ta kwamfuta ga ɗalibai masu zaman kansu a 2024. Neman aikin gwamnati, shiga aikin soja ko ɗan sanda, neman tallafin karatu, duk sun koma ta intanet. Ƙofar da a dā ake buɗe ta da fensir, yanzu da madannai ake buɗe ta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Idan makarantar gwamnati a ƙauye ba ta koya wa ɗan talaka wannan abu ba, babu wani wuri da zai koya sai da kuɗi, kuɗin kuwa ubansa ba shi da su.

3. Iyakar abin da na'ura za ta iya

Sai dai kuma akwai wani ruɗu da ya kamata mu guje masa, wato zaton cewa da zarar an sauke kwalayen kwamfuta a makaranta, ilimi ya zo. Duniya ta gwada wannan, ta kuma ga sakamakonsa. A 2007 an kawo shirin nan na ba kowane yaro ƙaramar kwamfuta tasa, aka gwada shi a wata makarantar firamare a Galadima, kusa da Abuja. An yi murna ƙwarai, amma shirin bai bazu zuwa sauran makarantun ƙasar ba. A ƙasar Peru ta Kudancin Amurka kuwa gwamnati ta raba irin waɗannan na'urori dubbai ɗaruruwa. Binciken da aka buga a 2012, wanda ya shafi makarantun karkara sama da 300, ya nuna cewa yaran sun ƙware wajen sarrafa na'urar, amma karatunsu da lissafinsu ba su fi na takwarorinsu da ba a ba su komai ba. Dalilin a bayyane yake: an sauya abin da ke hannun yaro, an bar yadda ake koyar da shi kamar dā.

Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2023 a kan fasaha a fagen ilimi ya ƙarfafa wannan magana. Ya ce na'ura tana amfani a inda take taimakon malami, ya kuma ja kunne cewa wayar da ke kusa da ɗalibi a aji tana iya ɗauke masa hankali daga darasi.

Ga wani misali daga gida da ya nuna ɗaya fuskar. A tsakiyar 2024, a birnin Benin na Jihar Edo, an yi gwaji na mako shida tare da Bankin Duniya, inda ɗaliban sakandare suka riƙa koyon Turanci bayan an tashi daga makaranta ta hanyar manhajar ƙirƙirarriyar basira. Ba a sake su su kaɗai ba. Malami ne yake buɗe darasi, ya ba da abin da za a tambayi na'urar, ya zagaya yana duba amsoshin da take bayarwa, ya gyara inda ta kauce. Waɗanda suka shiga shirin sun fi sauran cin jarrabawar da aka yi musu daga baya. Bambancin Peru da Benin, a taƙaice, malami ne wanda ya san abin da yake so yaro ya koya. Garma mai kyau a hannun wanda bai san noma ba, shuka za ta tone.

4. Matakai huɗu na ilimin na'ura

Mutane da yawa suna cewa yaran yanzu da waya aka haife su, ba su bukatar a koya musu. Gaskiya ne yaro zai buɗe bidiyo kafin ubansa ya gano inda ake kunna wayar. Amma kallon bidiyo daban, ilimin na'ura daban. Muna iya kasa shi kashi huɗu.

Na farko shi ne ilimin hannu: kunnawa da kashewa, sanin wurin haruffa a kan madannai, adana aiki da sake nemo shi, cike fom ba tare da kuskure a suna ko ranar haihuwa ba. Wannan mataki ba ya bukatar na'ura ga kowane yaro. Malami zai iya zana madannai a kan kwali daidai girmansu, yara su riƙa aza yatsu suna haddace wurin haruffa, sa'an nan su bi layi su taɓa ta gaske, ko da minti biyar-biyar ne. A ɗakin jarrabawar JAMB, haruffan A, B, C da D su ne na zaɓen amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Yaron da ya san wannan tun daga gida, gabansa ba zai faɗi ba.

Na biyu shi ne ilimin tantancewa. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, wani saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum. Jama'a suka tashi da asuba suna dama gishiri, aka kwantar da waɗansu a asibiti, waɗansu suka rasa rayukansu. Masu ilimi da marasa ilimi duk sun faɗa. Saboda haka mu koya wa yaro ya yi wa kowane saƙo tambaya uku kafin ya tura shi gaba: wa ya faɗa, yaushe aka faɗa, kuma wace majiya ce dabam ta tabbatar? A wurin da Musulmi da Kirista suke zaune bisa benci ɗaya a aji, suke cin kasuwa ɗaya, tsohon hoto daga wata ƙasa da aka liƙa masa sabon labari yana iya kunna wutar da shekara goma ba ta kashe ta ba.

Na uku shi ne ilimin tsare kai. Lambar sirri ta banki, lambar BVN, da lambar nan da banki yake turowa ta waya domin tabbatar da ciniki, ba a faɗa wa kowa su, ko da mai kiran ya ce shi ma'aikacin banki ne. Duk wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, a tuna masa da MMM da ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, da CBEX da ta rushe a watan Afrilu na 2025. 'Yan mata musamman suna bukatar a gaya musu a fili cewa hoton da ya fita daga waya ba ya komowa. Mu malamai kuma mu sani, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba bayanan yara kariya ta musamman. Ba daidai ba ne a ɗauki hoton ɗalibi ko takardar sakamakonsa a watsa ba da yardar iyayensa ba.

Na huɗu shi ne ilimin ƙirƙira, wato yaro ya zama mai sa abu a cikin na'ura bayan ya saba ɗauka daga cikinta. A nan harshenmu yana da haƙƙi a kanmu. Yawancin masu rubuta Hausa a waya suna watsar da haruffa masu ƙugiya, alhali kuwa su ne suke raba kare da ƙare, kafa da ƙafa, bari da ɓari. Ana iya saka madannan Hausa a wayoyin zamani kyauta, cikin minti biyu. Manhajar fassara ta Google ta karɓi Hausa tun 2013, akwai kuma Wikipedia ta Hausa wadda masu sa kai suke rubutawa. Irin Hausar da muka zuba a intanet, ita na'urori za su koya, ita kuma za su mayar wa jikokinmu.

5. Misalin darasi: daga ina ruwan yake zuwa?

Bari mu kawo darasi ɗaya da malamin aji biyar ko shida zai iya yi da waya guda tak. Babu yaron ƙasar Haɗejiya da bai san ambaliya ba. Ta 2020 da ta 2022 sun cinye gonaki da gidaje, har makarantu suka zama masaukin waɗanda ruwa ya kora. Amma yara kaɗan ne suka san dalilin da ya sa kogi yake cika ko a ranar da ba a yi ruwa a garinsu ba.

Malami zai sauke hoton taswirar tauraron ɗan'adam a wayarsa tun yana inda akwai sabis. A aji sai ya fara da tambaya, ya bar yara su faɗi abin da suka ji a gida. Sa'an nan ya kira su rukuni-rukuni, su bi kogin da yatsa: ga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 a kan kogin Kano, ga ta Challawa da aka kammala a 1992, ga inda kogunan biyu suka haɗu kafin a kai Wudil, ga ruwan ya bi ta Ringim ya iso Haɗejiya, ya bazu cikin dausayin Haɗejiya da Nguru, daga bisani ya haɗu da kogin Jama'are ya nufi Tafkin Chadi. Sauran rukunan da ke jiran layi suna zana abin da suka gani a littafi. Malami ya bayyana yadda ciyawar kacala take toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya rasa mafita ya juya cikin gonaki.

Kashegari sai lissafi. A kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, a auna zurfin ruwan saman da ya taru da rula. Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. A kan hekta ɗaya kuwa lita 10,000. In an yi ruwa milimita 30, hekta ɗaya ta sha lita 300,000, wato jarka 12,000 mai cin lita 25. Daga nan yara su kwatanta abin da suka auna da hasashen da hukumar NiMet take fitarwa kowace shekara, su kuma ji cewa hukumar NIHSA tana sanar da wuraren da ake tsoron ambaliya tun kafin damina ta kankama. A ƙarshe kowane yaro ya rubuta wa mahaifinsa gajeren saƙo da Hausa mai kyau, yana bayyana abin da ya koya.

Ku lura, 'yan'uwa, wayar ba ta yi aikin da ya kai minti goma ba a cikin kwana biyun nan. Ta nuna abin da alli ba zai iya nunawa ba, ta koma aljihu. Labarin ƙasa, lissafi, kimiyya da rubutu duk sun shiga, yaro kuma ya koma gida da abin da zai amfani gidansu.

6. Wuta, zafi da ƙura

Duk shirin da bai yi lissafin wuta ba, a ɗakin ajiya zai ƙare. Batirin waya na yau da kullum yana ɗaukar ƙarfin da bai wuce wat 20 na sa'a ɗaya ba. Farantin sola mai wat 100, in ya sami sa'a biyar ta rana mai ƙarfi, zai tara kusan 500. Ko an cire abin da yake salwanta a hanya, ya isa cajin wayoyi wajen ashirin, ko ya riƙe kwamfutar cinya ɗaya tsawon lokacin makaranta. Rana kuwa ba ta yi mana rowa ba a wannan yanki. Amma da hunturu ƙura takan rufe farantin ta rage ƙarfinsa, don haka a sa wanda zai riƙa goge shi. Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan haura digiri 40, zafi kuwa shi ne babban abokin gaban batir. Kada a bar na'ura a rana ko a ƙarƙashin kwano a ɗakin da ba iska. Da damina a ɗaga kaya sama, nesa da ƙasa.

Game da tsadar data, a sauke abu sau ɗaya, a raba wa sauran malamai ta katin ajiya ko daga waya zuwa waya. Akwai manhajoji irin su Kiwix da Kolibri waɗanda aka yi su musamman domin aiki ba tare da intanet ba. Kafin kuma a karɓi kyautar na'urori daga kowa, shugaban makaranta da kwamitinsa su yi tambaya: wa zai gyara in ta lalace, da kuɗin wa, wa zai riƙe mabuɗi, kuma wane malami aka horar? Na'urar da aka kulle domin tsoron kada ta lalace, da ita da babu duk ɗaya.

7. Malami ma ɗalibi ne

Yanzu mun zo kan gaɓar da ta fi nauyi. Malami ba ya ba da abin da ba shi da shi. Dokar da ta kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, ta fito a 1993, tun 2017 kuma hukumar take yi wa masu neman rajista jarrabawar ƙwarewa ta kwamfuta. Ashe ƙofar da ke gaban ɗalibi, ita ce gaban malaminsa. Lokacin da cutar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, jihohi da dama na Arewa suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin, aka kuma ga a fili cewa malamin da ya iya haɗa iyayen ajinsa ta waya ya fi samun hanyar riƙe yaransa. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF da Microsoft suka buɗe dandalin Nigeria Learning Passport, inda ake samun darussa kyauta.

Jigawa tana da abin tunawa a wannan fage. Shirin horar da malamai na TDP, wanda gwamnatin Birtaniya ta tallafa daga 2013, ya fara aiki a Jigawa da Katsina da Zamfara. An sa wa malamai gajerun bidiyo na koyarwa a waya, domin kowa ya ga yadda ɗan'uwansa malami yake tafiyar da darasi, sa'an nan malaman makarantun da ke kusa da juna su riƙa haɗuwa suna tattaunawa. Shirin ya ƙare, amma dabarar ba ta bukatar kuɗin Turawa. Malamai biyar ko shida za su iya zama sa'a ɗaya kowane mako. Ɗaya ya yarda a ɗauki darasinsa na minti goma a waya, a kalla tare, a ƙirga sau nawa ya yi tambaya, yara nawa suka yi magana, 'yan mata nawa ne a cikinsu. Abin da ido bai gani ba sa'ad da mutum yake tsaye gaban allo, waya takan nuna masa. Sharaɗin kawai shi ne a yi gyara da ladabi, abin da aka gani kuma ya tsaya a ɗakin.

A irin wannan zama, dattijon malami da ya shekara talatin yana koyarwa da saurayin da ya fito daga Kwalejin Ilimi ta Gumel bara suna da abin ba juna. Saurayin ya san na'ura, dattijon ya san yara. Girma ba ya zubewa don an ce wa ƙarami, nuna mini. Matambayi ba ya ɓata.

Game da ƙirƙirarriyar basira, wadda ta bazu tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, malami zai iya neman taimakonta wajen tsara darasi ko shirya tambayoyi. Amma ya sani takan faɗi abin da ba haka ba cikin kyakkyawan lafazi, musamman a kan tarihin garuruwanmu da ƙa'idojin harshenmu. Duk abin da ta ba shi, ya auna shi da littafi da saninsa kafin ya kai gaban yara, gama shi za a tambaya, ba ita ba.

8. Rabon iyaye da jama'a

Iyaye, wannan kaya ya fi ƙarfin malami shi kaɗai. Ku san abin da yaro yake kallo, ku sa lokacin da za a ajiye waya da dare, ku ma ku ajiye taku a lokacin cin abinci, domin yaro da ido yake koyo fiye da kunne. Kada a ba ɗa namiji waya a hana 'ya mace taɓawa, alhali jarrabawa ɗaya za su zauna. A taron iyaye da malamai ku tambaya ko akwai na'urori a makarantar, ko suna aiki, da ranar da ajin ɗanku yake shiga ɗakinsu. Ƙungiyoyinmu na matasa da zumuntar mata za su iya haɗa kuɗin farantin sola ɗaya da kwamfuta biyu, a riƙa koya wa yaran unguwa duka da yamma, ba tare da an tambayi ɗan wane ne ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Yara nawa ne a unguwarmu za su zauna jarrabawa ta kwamfuta a shekara mai zuwa, nawa ne kuma a cikinsu ba su taɓa taɓa madannai ba?

2. Wane saƙo ne ya zagaya a wayoyinmu kwanan nan wanda daga baya ya zama ƙarya? Wace tambaya ce da an yi ta da an gane shi da wuri?

3. A cikin matakai huɗu na ilimin na'ura, wanne ne iyaye za su iya koyarwa a gida ko da ba su yi boko ba?

4. Wa muke da shi a cikinmu da ya iya kwamfuta, wanda zai ba da sa'a biyu a mako?

Kammalawa

'Yan'uwa, a zamanin gyaɗa an cuci manomi a bakin sikeli domin bai iya karanta awo ba. Sikelin yau yana cikin waya da kwamfuta, a kansa kuma ake auna jarrabawa da aiki da kuɗi da labari. Malami ya fara da abin da ke hannunsa, ko waya ɗaya ce da kwali, ya kuma nemi 'yan'uwansa malamai su zauna tare a wannan mako. Iyaye su je makaranta su yi tambaya. Kowace ƙungiya ta amsa tambaya ta ɗaya da ta huɗu a rubuce, da sunayen yaran da na masu koya musu, ta sa ranar farawa kafin a buɗe rajistar jarrabawa ta gaba. Allah ya taimaki malamanmu, ya albarkaci 'ya'yanmu.